Ba Kowane Jini Ba Ne Basir: Shawara Kan Sankarar Dubura

Duk wanda ya saba bin titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa tashar Unguwa Uku, kunnensa ya saba da lasifikar masu maganin gargajiya. Wani a bayan mota, wani da baro cike da robobi da ƙulle-ƙulle, ana ta jero cututtuka, kuma wanda ba ya taɓa fita daga jerin shi ne basir: mai tsiro, mai jini, mai kumbura ciki, mai rage wa namiji ƙarfi. Magidanci ya matso, ya miƙa kuɗi, ya karɓa ya cusa a aljihun riga ya yi gaba. Ban ga laifinsa ba. Ciwo ne a wurin da ba a son ambata, mai lasifika kuwa ba zai ce masa ya kwance tazuge ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, a cikin masu sayen nan akwai wanda ba basir ne ke damunsa ba. Sankara ce take girma a ƙarshen hanjinsa, alhali daga inda yake tsaye zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ake kira Asibitin Malam, bai wuce 'yan mintuna a adaidaita sahu ba.

Shawarar da nake son ba mutanen Ƙauyen Alu da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, da duk wanda wannan rubutu ya iske, ita ce: jinin da ya fita ta dubura, kada kai ka yanke masa hukunci, kada mai kyamis ya yanke, kada maƙwabci ya yanke. A bar likita ya duba wurin da hannunsa da idonsa tukuna.

Babban hanjin mutum ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Yankinsa na ƙarshe, wajen santimita 12 zuwa 15 kafin a fito waje, nan ne bayan gida ke taruwa har mutum ya ji yana buƙatar kewayawa. A bangon wannan yanki ne sankarar dubura ke tsirowa. Yawanci ba ta farawa a matsayin sankara. Ɗan tsiro ne ƙarami yake fitowa a cikin fatar hanji, ba zafi ba ƙaiƙayi, ya yi ta zamansa. Mafi yawan irin waɗannan tsiro ba sa zama komai, amma wasu a hankali suke rikiɗewa, kuma rikiɗar kan ɗauki wajen shekara 10. Shekarun nan su ne damar da Allah Ya ba mu, domin tsiron da aka gani aka cire tun yana ƙarami ba zai taɓa zama sankara ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 sama da mutum miliyan 1.9 ne suka kamu da sankarar babban hanji da dubura, sama da 930,000 kuma suka rasu ta dalilinta. Ita ce ta uku wajen yawa a cikin ire-iren ciwon daji, ta biyu wajen kisa. A Turai da Amurka an fi ganinta a jikin waɗanda suka manyanta, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukarta cutar tsofaffin Turawa. A nan gida lamarin ya sha bamban. A shekarar 2005 likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun wallafa rahoto a kan marasa lafiya 50 da suka duba masu wannan cuta. Matsakaicin shekarunsu kusan 43 ne, maza sun fi yawa, kuma a mafi yawansu ƙarin a dubura yake, ba can cikin hanji ba. Rahotannin sauran asibitocin koyarwa na Nijeriya ma haka suke nunawa: mutanenmu suna kamuwa da ƙuruciya, kuma suna zuwa a makare. Ɗan shekara 43 magidanci ne mai 'ya'ya a firamare, mai iyaye a wuyansa. Saboda haka kada kowa ya ce ai shi bai tsufa ba.

Ta yaya za a bambance basir da sankara? Akwai alamun da ke karkata zuwa kowanne, kuma ya kamata a san su. Jinin basir yakan zo ja wur, yana ɗiga bayan an gama bayan gida, ko a gan shi lokacin tsarki, kuma yakan zo ya tafi, musamman in ciki ya bushe an yi yunƙuri. Tsagewar bakin dubura kuma tana zuwa da zafi mai tsanani lokacin fitar bayan gida da bayansa. Atini yana zuwa da murɗar ciki da majina da jini, amma kwanaki yake yi, in an sha maganin da ya dace ya wuce. Masu aiki cikin ruwan fadama da noman rani su ma tsutsar tsargiya mai zama a hanji kan sa musu jini. Sankara kuwa jininta ya fi cakuɗuwa da bayan gidan, wani lokacin ya yi duhu, da majina. Tare da shi sai ɗabi'ar cikin mutum ta sauya ta ƙi komawa daidai: wanda ya saba kewayawa sau ɗaya da safe ya koma sau huɗu sau biyar, ko gudawa da bushewar ciki su riƙa karɓa-karɓa har makonni. Bayan gida ya sirance. Sai kuma alamar da na fi so a riƙe: mutum ya gama, ya yi tsarki, ya fito, amma ya ji kamar da saura, ya koma ya tsuguna ya yi ta nishi, ba abin da zai fito sai 'yar majina ko ɗigon jini. Ƙarin da ke zaune a wurin ne jiki yake ɗauka bayan gida ne, yake ta ƙoƙarin turo shi. In aka haɗa da rama ba dalili, da kasala, da fari a tafin hannu da cikin ido, da haki in an ɗan yi tafiya, to magana ta wuce ta robar tsimi.

Amma fa kada a ɗauki waɗannan alamu a matsayin ma'auni. Sankarar da ke kusa da bakin dubura ita ma tana zubar da jini ja wur irin na basir. Kuma basir ya yi yawa a cikin jama'a, har mutum yana iya ɗauke da basir na gaske, ga tsiro kowa na gani, can sama da shi kuma ga sankara tana cin wuri. Ganin basir bai kore ta ba. Da farko ma ba ta da zafi. Zafin yakan zo ne bayan ta yi nisa. Wanda ya ce sai ya ji ciwo zai je asibiti, ya zaɓi zuwa a lokacin da aikin ya fi wuya.

Akwai binciken da ya ƙara mini ƙarfin gwiwar faɗin wannan magana. Farfesa Olusegun Alatise na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da abokan aikinsa na gida da na cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka, sun leƙa hanjin mutum 362 'yan shekara 45 zuwa sama waɗanda ke zubar da jini ta dubura. Sakamakon ya fito a 2018: kusan mutum 1 cikin 5 sankara ce a jikinsu, kuma an fi samunta a wurin waɗanda jinin ya haɗu musu da rama da sauyin bayan gida. A duba lissafin ta fuska biyu. Ɗaya cikin biyar ba kaɗan ba ne. Amma huɗu cikin biyar sun koma gida da kwanciyar hankali, sun san abin da ke damunsu ba daji ba ne. Gwajin nan ga yawancin mutane sauke nauyi ne daga zuciya.

Kafin ka je, ka yi wa kanka tanadi. Ka lura da kyau, ko da abin ƙyama ne, ka kuma rubuta ko ka sa a rubuta maka: tun yaushe jinin ya fara, wane launi ne, a kan bayan gidan yake ko a cikinsa, sau nawa kake kewayawa a rana da can da kuma yanzu, ko wandonka ya fara yi maka yawa. Masu shadda ta rami ba sa ganin abin da ya fita, don haka a yi amfani da fo ko da sau biyu ne a duba. Ka tambayi manyan gidanku ko an taɓa samun wanda ya yi ciwon hanji ko aka yi masa aikin ciki saboda ƙari. Ka haɗa duk magungunan da ka sha, har da na gargajiya da Flagyl ɗin da aka saya a kyamis da wanda ake cusawa, ka tafi da su a leda. Ba don a yi maka faɗa ba. Sanin su yana taimaka wa likita. Kana iya farawa daga asibitin unguwa a ba ka takardar turawa, ko ka je sashen ganin likita na yau da kullum a Asibitin Malam, ko Asibitin Murtala, ko na Nassarawa, daga nan a tura ka wurin likitocin tiyata ko na ciki.

In ka shiga, ka faɗi abin da ya kawo ka da bakinka ƙarara. Da yawa sukan zauna su ce, "Likita, cikina ne ba daɗi," ko "Basir ne ya tasar mini, a rubuta mini magani," su bar ainihin maganar a zuci. Ka ce, "Likita, jini nake gani a bayan gida yau wata uku, kuma in na gama ba na jin na gama." Jimlar nan kaɗai ta isa ta sauya yadda za a bi da kai.

Likita zai duba idonka da tafin hannunka, ya latsa cikinka, sannan ya zo kan gwajin da ake gudu. Bari in faɗi yadda yake tiryan-tiryan, domin rashin sani ne ke ƙara masa girma. Za a ja labule. Za ka kwanta ta gefen hagu, ka naɗe gwiwoyinka zuwa ƙirji, a rufe ka da zane, wurin da za a duba kaɗai za a buɗe. Likita zai sa safar hannu, ya fara duba waje ko akwai tsiro ko tsagewa ko ƙurji. Sai ya shafa man santsi a yatsa ɗaya, ya ce, "Baba, saki jikinka, ja numfashi ta baki." Zai shigar da yatsan a hankali ya zagaya bangon wurin. Za ka ji kamar bayan gida ya matse ka, ba wani abu ba ne, haka kowa yake ji. Minti ɗaya zuwa biyu an gama. Yatsa yana kaiwa wajen santimita 7 zuwa 8, kuma da yake ƙarin mutanenmu ya fi zama ƙasa-ƙasa, sau da yawa a nan take ake jin sa: abu mai tauri, mai kaushi, wani yana motsi, wani ya kafe. In ya zare zai dubi safar ko da jini ko majina. Basir na ciki kuwa laushi gare shi, yatsa ba ya cika jin sa, sai an sa wani ɗan gajeren bututu mai fitila an leƙa. Wannan ma a ɗakin ake yi, ba sai an kwantar da mutum ba.

Na san abin da ke tsaye a maƙogwaron mai karatu. Dattijo mai gemu, limami ko mai unguwa, a ce yaro sa'an ɗansa zai duba shi a nan? Uwar gida mai surukai a ce ta kwanta a gaban namiji? Kunya adon mutum ce, ba na rena ta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa buɗe al'aura gwargwadon buƙata domin neman magani larura ce da shari'a ta yarda da ita. Mace tana da ikon neman likita mace in akwai, in babu ta nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya a ɗakin, ko mijinta ya rako ta. Kuma a tuna da wannan: wanda ya guje wa minti biyun nan a yau, in cutar ce, wata rana 'ya'yansa ne za su riƙa ɗaga shi suna wanke shi. In kuma aka rubuta maka magani ba tare da an duba ba, saboda cunkoso ko saboda kai ne ka nuna ba ka so, ka ce cikin ladabi, "Likita, don Allah ina so a duba ni." In an tabbatar basir ne an ba ka magani amma jinin bai tsaya ba bayan wata guda ko makonni shida, ka koma ka nemi a leƙa ciki.

Leƙen nan shi ake kira kolonoskofi, kuma shi ne babban gwaji. Bututu ne mai lanƙwasa, kaurinsa bai fi na yatsa ba, da fitila da kyamara a bakinsa, ana bin babban hanji da shi tun daga dubura har farkonsa, likita yana kallo a allo. Akwai gajerensa mai tsayawa a ɓangaren ƙasa, amma ko da an riga an ji ƙari da yatsa an fi son a duba hanjin gaba ɗaya, saboda akan samu wani tsiron ko ƙari na biyu can sama.

Wahalar gwajin a shirinsa take, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Dole hanji ya zama fes, in ba haka ba kyamara ba za ta ga komai ba, kuɗi ya tafi a banza, a sake sa rana. Kwana biyu zuwa uku kafin ranar a ajiye zogale da rama da dambu da wake da gwaiba da kankana da duk abu mai ƙwaya ko dusa. Ana gobe gwaji ba a cin abinci mai nauyi: ruwa, shayi ba madara, romo tatacce ba nama ba kayan miya. Ban da fura da nono, ban da kunu da koko. Ban da zoɓo musamman, domin jansa yana kama da jini a cikin hanji ya rikita mai dubawa. Za a ba ka maganin wanke ciki da za ka sha da ruwa mai yawa bisa lokacin da aka rubuta maka. Daren nan kada ka yi nisa da banɗaki, ka ajiye buta cike, ka shafa man Vaseline a wurin saboda raɗaɗi. Za ka yi ta zawo har abin da ke fita ya koma ruwa garau, ɗan rawaya-rawaya. In ya kai haka shiri ya yi. Kada ka sha rabi ka zubar da rabi don ba daɗi. Mai shan ƙwayar ƙarin jini ya faɗa tun da wuri, domin akan dakatar da ita kamar mako guda kafin gwajin, tana baƙanta hanji. Mai ciwon suga, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, kowa ya sanar da likita tun ranar da aka ba shi rana, kada ya sauya maganinsa da ka.

Ranar gwaji akan yi allura mai sa jiki ya saki, barci-barci. Aikin yakan ɗauki rabin awa zuwa awa ɗaya. Ana hura iska don hanjin ya buɗe, saboda haka za ka ji kumburi, kuma bayan an gama iska za ta yi ta fita, kada ka riƙe. Ka zo da ɗan rakiya, kada ka tuƙa mota ko babur ranar. Matsala a wannan gwaji ba ta da yawa, amma in ka koma gida ka ji ciwon ciki mai tsanani ko zazzaɓi ko jini mai yawa, ka koma nan take. In an ga ƙaramin tsiro sau da yawa a lokacin ake cire shi. In an ga ƙari, za a ɗan tsinko ƙananan gutsattsari a kai ɗakin binciken tsoka a duba su a madubin likita.

A nan ne wani abu yake mayar da mutane gida. Mun taso muna jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na fahimci inda maganar ta samo asali. Mutum ya yi shekara biyu yana fama a gida, sai da cutar ta kai hanta aka kawo shi, aka yanki tsoka, bayan 'yan makonni ya rasu, sai dangi su ce taɓawar ce ta kashe shi. Ba ita ba ce, shekara biyun ce. Tsinkar tsoka ta cikin bututu ba ta yaɗa sankara, ba a ma jin zafinta domin fatar cikin hanji ba ta jin yanka. Kuma ba tare da ita ba babu likitan da zai iya rantsuwa cewa daji ne, domin tarin fuka na hanji da tsargiya da wasu kumburin hanji duk suna iya yin kama da shi a ido. Sakamakon kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokacin fiye. Ka adana lambar da aka ba ka, ka bi sawu, kada ka zauna jiran a kira ka.

Akwai gwaje-gwajen da mutane ke dogara da su alhali ba su isa ba. Na farko sikanin ciki, wanda yanzu ake yi a kowane lungu. Yana da amfani wajen ganin hanta da ƙoda da mahaifa, amma ba ya ganin cikin hanji yadda ya kamata. Mutum ya fito da takarda an rubuta komai lafiya, ya koma gida yana murna, ga ƙari a zaune. Na biyu gwajin jini mai suna CEA: yana iya fitowa daidai a jikin mai sankara, yana iya hawa a jikin mai shan taba da ba shi da ita, amfaninsa ya fi yawa wajen bin diddigi bayan an fara magani. Na uku gwajin ɓoyayyen jini a bayan gida. An yi shi ne don masu lafiya da ba su ga komai ba. Da aka gwada shi a kan mutum sama da 2,000 a kudu maso yammacin Nijeriya, a binciken da ya fito a 2022, kusan 1 cikin 5 ya nuna jini, amma 'yan ƙalilan ne a cikinsu aka samu da sankara. Wanda ya riga ya ga jini da idonsa ba ya buƙatar wannan. Leƙe yake buƙata. Awon yawan jini kuwa a yi shi. Namiji baligi, ko macen da ta daina haila, in aka ce jininsu ya yi ƙasa ba tare da wani dalili bayyananne ba, kada a tsaya ga ƙwayar ƙarin jini da hanta da alayyahu. A nemi inda jinin yake zuba. Mata ma su kula: ba kowane jini ne za a jingina wa haihuwa da jego ba, musamman in an yi watanni da sauka.

In sakamako ya tabbatar, Allah Ya kiyaye, sauran aikin shi ne sanin inda cutar ta kai. Hoton MRI na ƙugu yana nuna zurfin da ƙarin ya yi a bangon dubura, da kusancinsa da mafitsara ko gaban mace, da ko ya taɓa ƙwayoyin kaluluwa na kewaye. Hoton CT na ƙirji da ciki yana duba hanta da huhu, wuraren da ta fi zuwa. Daga nan ake sanya ta a mataki. Na 1 tana cikin bangon kaɗai, na 2 ta ratsa shi, na 3 ta kai kaluluwa, na 4 ta tafi wata gaɓa mai nisa. Alƙaluman Amurka sun nuna wajen mutum 9 cikin 10 da aka gano tasu tun ba ta fita daga inda ta tsira ba suna raye bayan shekara 5. In ta kai nesa, ba su kai 2 cikin 10 ba. Ka tambayi likita kai tsaye: mataki na nawa ne, santimita nawa ne daga bakin dubura, ta kai hanta ko huhu, me za a fara yi. Ka je da wanda zai saurara tare da kai, domin mai jin irin wannan labari rabin maganar ba ta shiga kunnensa. Ka tara takardunka wuri ɗaya, ka ɗauki hotonsu a waya.

Magani ya danganta da amsoshin nan: tiyata, ko a fara da gashi da allurar daji don ƙarin ya motse sannan a yi aikin. Don gashi akan tura mutum cibiyoyin da ke da na'urar, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙasa na Abuja. Abin da ya fi sa mutane tserewa shi ne jin za a fito musu da hanji ta ciki a maƙala leda. Ba kowa ake yi wa ba. Wasu na wucin gadi ne, bayan watanni a mayar. Wanda ƙarinsa ya cinye tsokar da ke riƙe bayan gida shi ne tasa ke zama dindindin, kuma masu ita suna kasuwa, suna zaman aure, suna salla, domin hukuncin mai uzuri sananne ne a fiƙihu, a tambayi malami. In kuwa ciki ya kumbura, ba bayan gida ba iska, ga amai, ko jini ya ɓalle har da jiri, wannan ba na jiran gobe ba ne. A nufi sashen gaggawa ko da tsakar dare.

Maganar kuɗi gaskiya ce, leƙen hanji da hotunan nan ba su da arha ga talaka. Mai rajista da hukumar inshorar lafiya, KSCHMA ta jiha ko NHIA ta tarayya, ya tambayi abin da tsarinsa ya ɗauke masa. Wanda ba shi da ita ya nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin. Dangi kuma su yi karo-karo tun a matakin gwaji, lokacin da kuɗin zai yi amfani, maimakon a jira sai mutum ya kwanta. Shan taba da giya da ƙiba da yawan zama da yawan cin jan nama duk suna ƙara haɗarin cutar, rage su alheri ne, amma ana samunta a jikin wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya ba.

Saura magana ɗaya da ta shafi gida. Mun saba in mutum ya rasu a ce ya yi fama da doguwar jinya, a rufe sunan cutar, har 'ya'yansa ba su san me ya ɗauke mahaifinsu ba. A wannan cuta ɓoyewar tana cutar da na baya, domin tana bin jini a wasu gidaje. Wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ta, ana ba shi shawarar a leƙa hanjinsa yana ɗan shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. In an gano ta uba yana da 44, 'ya'yansa su fara a 34, ko da lafiyarsu ƙalau. Ga wanda ba shi da tarihin gida kuwa, Amurka ta sauko da shekarun fara dubawa daga 50 zuwa 45 a 2021, saboda yadda cutar ke ƙaruwa a cikin matasa.

Uwar gida, ke ce kike ganin robobin maganin basir suna taruwa a ƙarƙashin gado, ke ce kika san maigida ya fara daɗewa a banɗaki, kika ga rigarsa ta yi masa yawa. Ɗan'uwa, kai ne ake aika kyamis kowane mako sayo wa Baba ko Inna maganin atini. Kada ku sake sayowa. Ku lallashe su cikin girmamawa, in ya ƙi ku haɗa shi da amininsa ko limamin unguwa, ku yi sammako ku raka shi asibiti a cikin makon nan, kuma kada ku taho gida sai an duba shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.